Ba duk abin da aka yanke ne asara ba

Na ga wani labari inda mai shi ya ce rubutun wani fim na ban tsoro ya fi fim ɗin kansa tayar da hankali, wai darakta ya ɓata shi da ya zubar da maganganun zucin matar da ke cikin fim ɗin. Ni ban yarda ba. A takarda dole a rubuta cewa tana zargin mijinta na zuba mata magani a shayi. A fim kuwa ya isa a nuna ta ɗauki kofin, ta kai baki, ta kalli mijin, ta ajiye ba ta kurɓa ba. Ga kuma lissafin da marubuta fim ke bi, shafi ɗaya minti ɗaya, shafi 120 awa biyu ke nan, idan rubutu ya yi tsawo dole a yi yanka. Kai kuma ɗan'uwa da ka ce fim ɗin bai ba ka tsoro ba, a ina ka kalla? Mu nan Sakkwato a shagon tura fim ake zuba mana a waya, a kalla a majalisa cikin ƙarar babura. Fim da rabin tsoronsa ke cikin shiru da numfashi, ta ina zai kama ka a haka?