Datarmu Ba Daga Rijiya Muke Ɗebo Ta Ba

Daren Larabar da ta wuce da takaici na kwana, kuma har yau abin bai sake ni ba, shi ya sa zan amayar da shi. Kwananmu uku babu wuta a unguwa. Da la'asar na aiki yaro ya kai wayata shagon caji, na biya naira ɗari biyu, aka dawo mini da ita ko cika ba ta yi ba. Na cire kuɗin data daga cinikin ɗinkin ranar. Bayan isha'i na shimfiɗa tabarma a tsakar gida saboda ɗaki ba ya shiguwa don zafi, na jingina wayar jikin kwanon sha, ni da Inna, mahaifiyar maigidana, muka zauna kallon sabon fitowar wani shiri mai dogon zango da muka shafe fiye da shekara muna bi.

Minti hamsin da biyu aka rubuta a ƙasan bidiyon. Minti shida na farko maimaicin abin da muka gani makon jiya ne. Sai waƙar buɗewa, ana jero fuskokin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka mutu a labarin tun zango na biyu. Sai tallar filaye. Sai tallar shagon atamfa. Da aka ce an fara, sai ga mota ta taho daga farkon layi a hankali, ta tsaya, aka yi hon, maigadi ya fito daga ɗakinsa yana gyara hula, ya leƙa, ya koma, ya zare sakata, ya ja ƙyaure ɗaya, ya ja ɗayan, motar ta shiga, ta yi kwana, ta daidaita, Alhaji ya buɗe ƙofa, aka nuna takalminsa, aka nuna agogonsa. Inna ta gyara zama ta ce, "'Yar nan, wai har yanzu bai shiga gidan ba?"

Da ya shiga kuma sai gaisuwa. Ina wuni, ina gajiya, ya hanya, ya mutanen Abuja, a kawo ruwa, a kawo lemo, a tsiyaya, a kurɓa, a ajiye kofi. Mu Hausawa ne, mun san gaisuwa, kullum muna yin ta kyauta a ƙofar gida. Ba sai mun sayi data mun zauna kallon wasu suna yin ta minti huɗu ba. Maganar da duk muke jira, wadda aka yanke mana a kanta makon jiya, sai a mintin ƙarshe aka ɗauko ta. Matar ta buɗe baki za ta faɗi gaskiyar wanda ya haifi yaron, kiɗa ya tashi, hoto ya tsaya cak, aka rubuta mu haɗu mako mai zuwa. Batirina ya koma kashi tara, data ta tafi kusan rabin giga, labari kuwa ko taku ɗaya bai ƙara ba.

Wallahi wannan cin amana ne.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai ba jan lokacin ba ne. A tsakiyar shirin, ana cikin zaman makoki a labarin, uwa tana kukan ɗanta, kwatsam aka yanke, wata ta fito da kwalabe jere a gabanta tana tallar kayan mata da maganin ƙarfin maza, da kalmomin da ko a ɗakin amarya sai an rage murya kafin a faɗe su. Ina zaune gwiwa da gwiwa da surukata. Na rasa inda zan sa kaina. Na kai hannu zan tura bidiyon gaba, hannuna na rawa, wayar ta zame ta faɗi a kan tabarma tana ci gaba da magana. Inna ba ta ce uffan ba, ta dai miƙe ta ce bari ta duba ko an rufe kaji. Kajin da ni da kaina na rufe tun magariba. Ku masu shirya fim, kun san sarai ba a ɗaki a kulle ake kallonku ba. Waya ɗaya ce a gida, uwa da 'ya'ya da suruka da almajirin gidan duk a kanta suke taruwa. Wa ya ba ku izinin shigo mana da wannan magana tsakar gida? Kuma maganin da ake cewa yana warkar da basir da sanyi da ciwon suga da hawan jini duk a kwalba ɗaya, kun taɓa tambayar mai shi ko yana da lambar NAFDAC kafin ku karɓi kuɗinsa?

Ba wai ban san halin da sana'ar take ciki ba. Na sani. Na taso lokacin da ake zuwa Ƙofar Wambai a sayo kaset, daga baya faifan CD, fim ya zo na ɗaya da na biyu, a kalla a gama a tashi. Satar fasaha da masu tura fim a waya suka kashe wannan kasuwa, har ta kai furodusa ya zuba kuɗinsa ya kasa mayar da ko uwar kuɗi. Arewa24 da ta fara a 2014 ta saba wa mutane da shirin mako-mako, sannan zaman kullen korona na 2020 ya tura kowa YouTube. A can kuma tsarin a bayyane yake: bidiyon da ya kai minti takwas ana iya cusa masa talla a tsakiya, gwargwadon tsawonsa gwargwadon gurbin tallar, kuma abin da ake biya kan kallon ɗan Najeriya bai kama ƙafar abin da ake biya kan kallon mutumin Amurka ko Ingila ba. Don haka dole a nemi masu ɗaukar nauyi. Duk na yarda. Ɗan wasa zai ci abinci, mai kyamara zai biya haya.

To amma mu fa? Mu daga ina muke samowa? A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Kafin nan, a Oktoban 2024, jihohin Arewa da yawa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, masu caji suka ninka kuɗi saboda tsadar fetur. A irin wannan hali talaka yake matse bakin aljihunsa don ya kalle ku. Kallon nan da ake cewa kyauta ne, wallahi ba kyauta ba ne. Kowane minti da kuka ɓata wajen nuna gadar sama daga jirgin ɗaukar hoto, ko budurwa tana saukowa daga bene matakala ɗaya-ɗaya, kuɗin cefanen wani ne yake ƙonewa.

Ga shi labarin ma kansa an mayar da shi roba. Shirin da marubucinsa ya tsara ya ƙare a zango biyu, da an ga yana kawo masu kallo sai a fara ɗaura masa jela. Wanda aka yi wa sallar gawa a gabanmu sai ya dawo wai tagwaye ne. Wanda ya kusa tona asiri sai mota ta buge shi ya manta komai. Kishiya ta koma wurin boka karo na bakwai. Yarinyar da aka nuna mana mai hankali da tarbiyya shekara guda cur, rana ɗaya ta zama muguwa ba dalili, don kawai ana bukatar rigimar da za ta cike mako goma sha uku. Sannan a wayi gari an sauya jarumar da wata daban, suna ɗaya, miji ɗaya, fuska daban, ko a rubuta layi ɗaya a ba mu haƙuri. Na san 'yan wasa suna aure, suna rashin lafiya, ana samun saɓani. Amma mai kallon da ya ba ku shekararsa ya cancanci a ce masa uffan.

Sauti kuma kada ma a yi magana. Kiɗa sama, magana ƙasa. Inna kunnenta ya yi nauyi, kullum sai na tsayar na maimaita mata abin da aka faɗa, ni ma sau da yawa cinta nake yi. In talla ta shigo kuwa, ƙararta har maƙwabta.

'Yar yayata tana kallon shirye-shiryen Koriya. Ta ce mini da yawansu fitowa 16 ne, an fara an ƙare, kowa ya san makomarsa. Ba ma sai mun je Koriya ba. Marigayi Kasimu Yero da marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, da kayan aikin da bai kai wayar hannuna ta yau ba suka yi wasan kwaikwayo a talabijin ɗin Kaduna, cikin ɗan lokaci kaɗan a ƙulla magana a warware ta, ka tashi da abin da za ka yi ta tunawa. Har yau Inna tana ba da labarinsu kamar jiya ta gani. Ku tambaye ta abin da ya faru a shirin makon jiya, ba abin da za ta tuna sai buɗe get. Kuma ba na cewa babu masu ƙoƙari yanzu. Akwai shirin da na kalla na yi hawaye na gaske, akwai 'yan wasan da idan suka yi shiru ma sai ka ji a jikinka. Shi ya sa abin yake da ciwo: gwanintar tana nan, da gangan ake tsinka ta da ruwa.

Wata masifar kuma ta masu buɗe tashoshin bogi ce. Ranar da shiri zai fito, ka rubuta sunansa, sai guda goma su jero, kowanne da hoton jarumai da lambar fitowa ta wannan makon. Ka danna, ka ci talla biyu, sai ka tarar tsohon yanki ne na bara aka sake liƙawa, ko wani ƙato yana zaune a ɗaki yana ba ka labarin abin da yake zaton zai faru. Sau uku aka yi mini haka a dare ɗaya. Allah ya isa kuɗina.

A watan Mayun 2025 hukumar tace fina-finai ta Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 saboda ba a kai mata su ta duba kafin a sake su ba. Roƙona, duk lokacin da ake dubawa, a haɗa da tallar da ake cusawa a ciki, domin ita ma cikin gidajenmu take shiga, kuma ita yara suka fi saurin haddacewa. Ku kuma furodusoshi, don girman Allah, in labarin minti ashirin ne da ku, ku ba mu minti ashirin. Ku tara tallarku a farko ko a ƙarshe, ku tace wadda ba ta dace da idon iyaye ba. In labari ya ƙare ku rufe shi ku buɗe wani, za mu biyo ku.

Jiya da daddare aka kawo wuta, na cika wayar taf. Na leƙa ɗakin Inna na ce, "Inna, an saki na wannan makon, in kawo mana?" Ta jawo rediyonta kusa da filo, ta ce, "A'a 'yar nan, bar kuɗinki. Gobe ki sayo wa yara ƙosai da su."