Mai rabon kyauta ba ɗan ra'ayin ci gaba ba ne

Tun jiya ake yawo da hotunan wani rabon kekunan ɗinki da aka yi wa mata, ana yi wa mai rabon kirari wai shi ne jagoran masu ra'ayin ci gaba. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai. Jama'a, kyauta daban, haƙƙi daban. Kyauta sai mai ita ya ga dama, sai ka bi layi, sai ka yi godiya. Haƙƙi kuwa doka ce ta ba ka, naka ne ko ka zaɓi mai mulki ko ba ka zaɓe shi ba.

Tushen ra'ayin ci gaba shi ne cewa talauci da danniya tsarin da mutane suka shimfiɗa ne ke raya su, don haka mutane na iya sake shi. A 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙayyade aikin masana'anta awa 8 a rana, 48 a mako. A 1948 Birtaniya ta buɗe tsarin lafiya na ƙasa, majinyaci ya ga likita bai ciro kuɗi ba, haraji ke biya. A 2003 Brazil ta fara Bolsa Família, kuɗi na zuwa hannun uwa bisa sharaɗin yara su je makaranta, a yi musu rigakafi. Ba wanda ya durƙusa wa wani kafin ya samu.

In ana so a gane shirin ci gaba na gaskiya, a duba ko doka ta faɗi wanda ya cancanta, ko an ware kuɗin a kasafi kuma an sake su, ko akwai rajistar da kowa zai iya bincika, sannan ina wanda aka tsallake zai kai ƙara. Ɗaya ya ɓace, shirin ya koma alfarma, 'yan jam'iyya su cika jerin da sunayen nasu.

Za a ce ai matan sun amfana. Sun amfana, to sauran da ba su san kowa ba fa? Za a ce ina kuɗi? Haraji mai hawa-hawa: ƙaramin albashi a ƙyale shi, kaso mai yawa kuma ya hau kan abin da ya haura iyaka kawai, ba kan dukan kuɗin shigar mutum ba. Inda ake samun matsala, ma'aikaci ana yanke nasa tun kafin albashi ya shigo, mai gidajen haya da hannun jari ya sulale. Sai a jibga harajin sayen kaya, wanda ya fi cin talaka saboda duk abin da ya samu kashewa yake. Shi ya sa soke haraji da jangali da gwamnonin Kano da Kaduna na lokacin, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka yi a 1979 ya zama aikin ci gaba: harajin kai bai bambance mai shi da mara shi ba.

Wani abin da ke damuna ma shi ne takardar haihuwa, domin haƙƙi sai an san da kai. Yaron da ba a yi wa rajista ba, babu shi a lissafin ajujuwa, babu shi a na allura. Ku da ke kusa da masu jego, ku tuna musu su karɓa.