Kafin ki ɗaga waya a shagon mutane, ki tambaya

Salamu alaikum jama'a. Yau kwana huɗu ke nan maganar nan tana cina, na rubuta na goge na sake rubutawa na goge, amma wallahi in ban fitar da ita ba hankalina ba zai kwanta ba. Waɗanda suka sanni sun san Mma zanuwa take sayarwa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi a Ghana, tun kafin a rushe tsohuwar tasha a gina wannan sabon ginin, kuma tunda na gama makaranta ni ce nake zama da ita a shago. To ranar asabar da ta wuce wani abu ya faru a gabana.

Bayan azahar ne, zafi ya yi zafi, fanka sai iska mai ɗumi take turowa. A can ƙuryar shagonmu akwai ɗan labule da muka rataya, bayansa tabarma ce da buta da bokiti, nan muke sallah nan muke cin abinci. Mma ta shiga ta cire mayafi ta cire ɗankwali tana alwala, ni kuma ina durƙushe ina ninke wani leshi da kwastoma ta sa na warware ba ta saya ba. Sai ga wata yarinya, ba za ta wuce shekara ashirin da biyu ba, ta shigo waya a sama tana magana da wayar tana dariya. Ba sallama, ba sannu, ko kallona ba ta yi ba. Ta bi kanta ɗaya bayan ɗaya tana nuna atamfa tana cewa ku gani ku gani, ta juya da wayar ta yi ƙurya, labulen kuwa a rabi yake saboda zafi. Kafin in miƙe in ce ke baiwar Allah dakata, aikin gama ya gama. Ashe layif take yi a TikTok.

Da na yi mata magana kun san abin da ta ce min? Wai "Anti ai talla nake muku kyauta, kuma nan kasuwa ce ba gida ba." Ta fita abinta. Kafin magariba ɗan yayar Mma da yake Italiya ya turo hoto a guruf ɗinmu na dangi, wani ya ɗauko daga bidiyon ya tura masa, yana tambaya wannan ba Mma ba ce? Ita ce. Kanta a buɗe, furfurarta a waje, hannunta cikin ruwa. Matar da ta haura sittin, ta je Makka ta dawo, wadda ko surukanta maza ba su taɓa ganin gashinta ba. Da na nuna mata ba ta yi faɗa ba, ba ta zagi kowa ba, shiru kawai ta yi ta miƙo min wayar. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Wannan kalmar ta "kasuwa ce ba gida ba" ita nake so mu tsaya a kanta, don ba yarinyar kaɗai ke da wannan tunanin ba, da yawanmu haka muke gani. Eh gaskiya ne shago ba ɗaki ba ne. Ko a Suratun Nur, bayan aya ta 27 da ta ce kada a shiga gidan mutane sai an nemi izini an yi sallama, aya ta 29 ta ce babu laifi a shiga wuraren da ba na kwana ba waɗanda mutum yake da buƙata a ciki, malamai kuma suna kawo shaguna da masaukai a misali. To an buɗe miki ƙofa ki shigo ki duba kaya ki taya ki saya ko ki fasa. Iyakar izinin ke nan. Ba a buɗe wa mutanen da ke cikin wayarki ba, waɗanda ba mu san su ba ba mu san adadinsu ba. Tun muna makarantar allo a Aboabo malam ya karantar da mu hadisin nan da ke Bukhari da Muslim, cewa an sanya neman izini ne saboda ido. Saboda ido fa. To idon mutum ma da yake gani ya manta an ce ya nemi izini, ina ga wanda yake gani ya ajiye, ya kwafa, ya aika Italiya cikin awa uku?

Kuma wallahi wanda bai taɓa zama a shago ba bai san abin da kamara take kwasa ba. Kai hankalinka yana kan zanen da ya burge ka, ita kuwa komai take ɗauka. A kan teburinmu akwai littafin bashi, yawanci a buɗe yake, sunan mace da unguwarsu da abin da ake binta, wasu matan manyan mutane ne da suka ɗauki kayan aurar da 'ya suna biya kaɗan kaɗan ba wanda ya sani. Akwai durowar kuɗi da inda muke ajiye makulli. Akwai wayar MoMo, wato wadda ake turo mana kuɗi ta cikinta, da saƙon kuɗi yake faɗowa a fuskarta. Akwai yarinyar kayayo, wato 'yar dako, da ta sauke mana dila ta jingina da bango barci ya kwashe ta, zaninta ya zame, yarinyar da ta baro iyayenta a arewa ta zo neman na abinci, ita ma 'yar wasu ce kuma tana da mutunci ko da ba ta da wayar da za ta ga abin da aka yi da hotonta. Mu muna sayar da farin yadi, kuma ba sai na faɗa muku abin da ake zuwa saye da shi ba. Na sha auna wa mutum likkafani yana tsaye hawaye na zuba, gawa tana gida ana jiransa. A ce irin wannan mutumin ya fito a bayan bidiyon wata ana sa masa kiɗa? Haba jama'a.

Bayan mutunci akwai maganar sana'a ma, kuma ba kunya zan ji in faɗa ba. Duk mai harkar zane a ƙasar nan ya san abin da satar zane ta yi wa kamfanoninmu, GTP a Tema da ATL a Akosombo da Printex, a fitar da sabon zane yau, ba a jima ba sai ga kwafinsa an bugo daga Sin an shigo da shi ta Lome ana sayarwa ƙasa da rabin kuɗi. Da me ake fara wannan? Da hoto mai kyau guda ɗaya. Haka teloli 'yan uwanmu, mace ta kwana tana tunanin ɗinki ta rataya a gaban shago, wani ya zo ya ɗauka a ɓoye ya kai wa mai arha. Akwai kuma masu ɗaukar kayanki su ɗora a shafinsu kamar nasu ne, su karɓi kuɗin mutane ta MoMo su ɓace, ranar da wanda aka cuta ya gane shagon a hoto ke zai zo ya tsare. Shi ya sa in kuka ga mai shago ta ɓata rai don an ɗaga waya kada ku ce baƙin hali ne, akwai abin da ta gani a baya.

Abin da ya fi ƙona min rai, mutanen nan sun san daidai. Ku je Kumasi City Mall ko Accra Mall ku gani. Shagon da ya manna alamar kamara da jan layi a ƙofa, ga sikiriti a tsaye, kowa wayarsa a aljihu take, in ma an ce ya daina sai ka ji yana ba da haƙuri cikin ladabi. Amma da an shigo Kejetia ko Adum ko Makola a Ankara, wajen tsohuwa mai zaman kanta da ba ta da sikiriti ba ta jin turanci, sai a ga ai banza ta faɗi. Ke nan ba rashin sani ba ne, raini ne.

Kada wani ya fahimce ni ba daidai ba, ni ba na gaba da hoto a shago, da shi muke ci. Rabin cinikinmu yanzu ta status ɗin WhatsApp yake zuwa. Kullum sai an samu mai cewa Anti bari in ɗauka in tura wa mai gida ya zaɓa, ko amarya tana Tamale an zo haɗa mata lefe ana so ta gani da idonta, ko 'yan borga da ke Jamus da Amurka su kira ta bidiyo a bi da su kanta kanta. Ba mu taɓa hana ko ɗaya ba. Ni da kaina nake sauko da turmin in shimfiɗa shi a tebur, in rufe littafi, in ja labule, in ce matso nan haske ya fi, har in riƙe mata gefe don zanen ya fito. Duk abin bai fi minti ɗaya ba, kuma hotonta ya fi kyau a kan na sata. Bambancin kawai ta buɗe baki ta tambaya. "Mma in ɗauka?" kalma uku. In Asante ce mai shagon a ce mepaakyew, wato don Allah da yaren Twi, shi ke nan. In an ce a'a a mayar da waya jaka ba tare da ƙunƙuni ba, don mai wuri yana da ikon cewa a'a a wurinsa ko bai ba da dalili ba. In an ce eh, to kaya aka ba ki izini ba mutane ba, a karkata wayar ƙasa, wanda ya faɗo ciki bisa kuskure a goge. Layif kuwa ni a ganina ba shi da wuri a cikin shagon wani sai an shirya tun kafin, don shi ba a goge shi, abin da ya fita ya fita.

Mu ma 'yan kasuwa sai mun faɗa wa kanmu gaskiya, don ba mu da tsarki a wannan maganar. Nawa ne cikinmu suke ɗaukar kwastoma tana gwada mayafi su ɗora a status ba su tambaye ta ba? Nawa ne suke baza lefen amarya a intanet kafin dangin ango ma su gani? Sannan fizge wayar mutum ko tara masa jama'a don ya ɗauki hoto ba daidai ba ne, hakkinki ki ce ya daina, ki roƙe shi ya goge, in ya ƙi ki ce ya fita, in abin ya girma akwai shugabannin layi akwai 'yan sanda. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wannan sabon yayi na ciro bidiyon kamarar shago a watsa a ce ga ɓarawo ku nemo shi. Hoton da ko fuska ba ta fita sosai, a garin da in an yi ihun ɓarawo kowa ya san abin da ke biyo baya. Ba mu manta da Manjo Maxwell Mahama ba, sojan da aka kashe a Denkyira-Obuasi a watan Mayu na 2017 bisa zargin ɗan fashi ne, mutane na tsaye suna ɗauka da waya. In kina da bidiyon sata ki kai ofishin 'yan sanda, kada ki kai wa Facebook.

Haka in mutum ya ga abin cutarwa, madarar yara da kwananta ya wuce an goge kwanan wata, ko magani na jabu, ni ba zan ce ya tsaya neman izinin mai shagon ba, ya ɗauki kayan da kwanan watan ya kai wa FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, aikinsu ke nan. Amma ko a nan kayan ne shaida, ba fuskar yarinyar da aka ɗauka aiki jiya ba wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Masu cewa ai babu doka, akwai. Kundin tsarin mulki na 1992 sashe na 18 ya kare sirrin mutum, kuma tun 2012 muna da dokar kare bayanan mutane, Act 843, har da hukumarta. Sai dai ni ban so a ce sai da tsoron kotu za mu yi abin da iyayenmu suka koya mana tun muna yara a zango, cewa ba a leƙa ɗakin mutane, ba a wuce babba ba gaisuwa.

Na nemi yarinyar ta inbos na yi mata bayani cikin mutunci, kuma ba zan ɓoye ba ta saurara, ta sauke guntun da ta ɗora daga baya ta ba da haƙuri, har ta ce za ta zo ta gaida Mma. Shi ya sa ban kama sunanta ba kuma ina roƙon wanda ya santa kada ya kama. Amma hoton da ya je Italiya yana nan a wayoyin da ban san su ba. Jiya ƙanina ya rubuta mana takarda da Hausa da Twi da turanci mun manna a bakin ƙofa, a tambaya kafin a ɗauka. Mma kuwa tun ranar ba ta sake cire ɗankwali a shago ba, alwala ma sai ta sa ni in tsaya a bakin labule in riƙe shi da hannu biyu har ta gama.