Kafin jami'o'inmu su buɗe karatu daga nesa

Jama'a, ina goyon bayan karatu daga nesa ɗari bisa ɗari, kuma burina jami'o'inmu na Kano su shige shi gadan-gadan. Amma yadda nake jin ana zancen shirinsa yana tayar min da hankali. Da an ɗauko maganar sai lissafin ginin cibiya, da kwamfutocin da za a sayo, da kamfanin da zai haɗa shafin intanet, da kuɗin shigar da abin zai kawo. Shi ɗalibin da za a yi dominsa, sai can ƙarshen takarda ake tunawa da shi.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun 1976 aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wato NTI, kuma malaman firamare da yawa a jihar nan ta hanyarta suka yi NCE ba su bar ajinsu ba. Jami'ar karatu daga nesa ta ƙasa, wato NOUN, gwamnatin Shagari ce ta kafa ta a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, sai zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita. Ɗan Kano ma ya shugabance ta, Farfesa Abdalla Uba Adamu, daga 2016 zuwa 2021. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da tata cibiyar. Don haka muna da waɗanda za mu tambaya inda suka yi tuntuɓe.

Kuma mun ga abin da rashin shiri yake jawowa. A watan Maris na 2020 korona ta sa aka rufe makarantu, ga yajin aikin ASUU da ya kai har Disamba. A 2022 aka sake wata takwas a gida. Wasu malamai, Allah Ya saka musu da alheri, sun yi ƙoƙarinsu da zaurukan WhatsApp da Zoom, da kuɗin aljihunsu. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin ɗalibai zaman kashe wando suka yi, wasu suka kama kasuwa ba su ƙara waiwayar makaranta ba.

Wa ake yi wa wannan karatun? Yaron shago a Kantin Kwari da ba zai iya barin maigidansa daga safe zuwa la'asar ba. Ma'aikaci a sakatariyar Audu Baƙo da ƙarin girma ya tsaya masa saboda rashin digiri. Malamar islamiyya. Sannan matan aure, su ne ma suka fi tsaya min a rai, domin da yawansu sun gama sakandare da sakamako mai kyau, aure da goyo suka tare hanya.

Ƙanwata tana cikinsu. Tana karatu daga nesa a wata jami'a, kuma ina ganin yadda take yi. Waya ɗaya gare ta, ita ce ta kira, ita ce ta sana'ar turaren wutarta, ita ce makarantar. In an kwana biyu ba wuta sai ta aiki yaro wurin mai caji, karatu ya tsaya sai wayar ta dawo. Datar dare take saye saboda ta fi araha, ta jira yara su yi barci sannan ta fara sauke darasi. Bidiyo ne na awa guda, malami yana tsaye gaban allo yana karanta abin da yake rubuce a takarda. Ya kai rabi sabis ya ɗauke, a koma farko, data ta ƙare. Lakcar kai-tsaye kuwa an sa ta daidai lokacin ɗora tukunyar dare, kuma ba a ajiye ta don wanda bai samu halarta ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne tambaya. Ta tura tambaya a kan abin da ba ta gane ba, shiru, har aka yi jarrabawa aka gama ba wanda ya tanka mata. Ranar biyan kuɗin makaranta ne kawai shafin yake aiki sumul.

Wallahi wannan ba ƙaramin zalunci ba ne, ko da ba da niyya aka yi ba. Mace ta tara kuɗin adashe ta biya, a bar ta ita da waya.

Saboda haka a ganina duk kwamitin da aka ɗora wa wannan aiki ya fara da zama da irin waɗannan mutanen, ya ga wayoyinsu, ya ji nawa suke kashewa a data. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Wanda ya tsara karatunsa a kan dogon bidiyo ya riga ya kori talaka tun daga ƙofa. A fara da rubutaccen darasi, mara nauyi, wanda za a sauke sau ɗaya a karanta ba intanet, mai so ya kai kafe a buga masa. A bi shi da murya. Mu mutanen rediyo ne, mun saba ɗaukar ilimi da kunne, tun daga tafsirin azumi har shirye-shiryen siyasa. Bayanin minti goma sha biyar da malami ya yi a natse, mace za ta saurara tana wanke-wanke, direban adaidaita sahu zai saurara yana jiran fasinja. Bidiyo a bar shi ga abin da sai an gani da ido.

Sai malamai. Nan ne nake jin tsoron za a yi ha'inci. Malamin da ajinsa ya cika ya batse, ga duba takardu, ga ɗaliban bincike, shi za a ƙara wa ɗaruruwan ɗaliban intanet a ce ya yi haƙuri. Rubuta darasin da mutum zai karanta shi kaɗai ya gane aiki ne na watanni, ya bambanta da handawut ɗin da ake rabawa a aji. A biya wanda ya rubuta, a ɗauki mataimaka waɗanda aikinsu shi ne amsa tambaya, a rubuta a ƙa'ida cewa tambaya ba za ta wuce kwana biyu ba a amsa ba. Jami'ar da ba ta da kuɗin wannan ta rage yawan waɗanda za ta ɗauka.

Jarrabawa kuwa ido da ido, ba sassauci. Muna da cibiyoyin kwamfuta da ake rubuta JAMB a cikinsu, a yi yarjejeniya da su, a duba katin shaida da fuska. In aka bari sojan gona ya shigo, kwalin ne zai zube, kuma mai gaskiya shi zai kwana a ciki. Ɗaliban NOUN sun daɗe suna fama kafin a fara kallon takardarsu da mutunci, kada mu jefa namu cikin irin wannan. Kuma ba kowane kwas ne zai yiwu a waya ba. Likitanci da injiniyanci suna buƙatar ɗakin gwaji. A fara da ilimin koyarwa, da kasuwanci, da akanta, da harsuna, bayan samun amincewar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC.

Akwai masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne, a gyara azuzuwan da ake da su tukuna. Na fahimce su, amma su duba kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Mutumin Hotoro da zai je sabon mazaunin Jami'ar Bayero a titin Gwarzo kullum, ya san abin da yake fita daga aljihunsa, balle na Rano ko Gaya ko Ƙaraye. Ƙananan hukumomi 44 gare mu, yawancin jami'o'in kuwa sun taru a birni da Wudil. Ɗaki ɗaya mai sola da intanet a manyan garuruwan nan, inda ɗalibi zai je ranar Asabar ya yi caji, ya sauke darasin mako, ya tarar da mutum mai rai da zai yi masa bayani, shi nake so in gani a shafin farko na kasafin kuɗin shirin, kafin motar darakta.