Ruwan Gurara ba ya ƙafewa da hunturu

A Zariya, da zarar ɗaliban Samaru sun fara maganar zuwa magangarar ruwa ta Gurara a watan Disamba, sai ka ji wani ya ce asarar kuɗin mota ce, ai ruwan ya ƙafe tun da damina ta ɗauke. Ba haka ba ne. Kogin Gurara, da ke jihar Neja a hanyar Suleja zuwa Minna, raguwa kawai yake yi.

Da damina ruwan jajawur ne saboda laka, yana faɗowa daga tsayin kusan mita 30 da ƙarar da ke hana jin maganar na kusa, ga santsi a duwatsu. Daga nesa ake kallonsa. Da hunturu kuwa ruwan ya yi garau, duwatsun ƙasa sun fito, mutum zai iya sauka a hankali ya zauna a kai. Ni dai wannan lokacin na fi so.

Sai dai iskar hunturu busasshiya ce, tana zuƙe ruwan jiki ba tare da ka ji ƙishi ba. Rigar sanyin da ka fito da ita da asuba za ka cire kafin azahar. Ka riƙe goran ruwa babba, ka sa takalmi mai kama ƙasa, kuma a kamo hanyar gida da sauran rana.