Wai kilo 10 ne kawai

Shekaranjiya da daddare ina zaune wajen mai shayin da ke kusa da Kwangila a Zariya sai ga wasu samari uku sun zauna a bencin da ke gabana, daga hirarsu na gane duk 'yan gyaran jirgin sama ne, ɗaya ma ɗan wani abokina ne da muka yi aiki tare shekaru da yawa. Ina jin sa yana ba su labari yana dariya, wai an saka wata na'ura a can bayan wani ƙaramin jirgi a inda yake aiki, aka ce ya sake lissafin nauyi da daidaito, shi kuma ya ga dare ya yi sai kawai ya kwafe lambobin tsohuwar takarda ya miƙa a sa hannu. Wai kilo 10 ne kawai, me kilo 10 za ta yi ma jirgi. Wallahi shayin nan ban ƙarasa shi ba. Ba zan faɗi inda yake aiki ba, kuma kar wani ya biyo ni da tambaya, maganar ta fi ƙarfin mutum ɗaya.

Na ce masa zo nan ɗana, kilo 10 ɗin a ina ka ajiye ta? Ya ce Baba ai ta wajen wutsiya ne. Na ce ka auna nisan? Ya ce ai ido ya san kima. Toh ƙannena, karin maganar da ya jawo da kansa ita ta kama shi, don farkonta cewa aka yi ido ba mudu ba ne. A kasuwar Sabon Gari kana iya kallon buhun masara ka ce ya kai tiya kaza, in ka yi kuskure asarar kwano ɗaya ce. Jirgi kuma ba a yi masa ciniki da ido.

Ku da kuka yi karatun nan kun san abin da ake koya muku tun ajin farko, amma bari in maimaita tunda na ga kamar ana haddacewa ne don jarabawa kawai. Kowane jirgi yana da layin da kamfanin da ya ƙera shi ya tsayar a matsayin mafarin awo, daga nan ake auna nisan komai. Ka ɗauki nauyin abu ka ninka da nisansa, ka samu abin da muke kira momen. Ka tara momen duka ka raba da jimillar nauyi, shi ne zai nuna maka inda cibiyar nauyin jirgin ta faɗa. Shikenan fa lissafin, ɗan firamare zai yi shi. A ce jirgi kilo 700 ne, cibiyarsa tana mita 1 daga layin, momen 700 kenan. Ka ƙara kilo 10 a mita 4, wajen wutsiya, ka ƙara momen 40. Yanzu 740 a raba da 710, cibiya ta koma baya da sama da santimita 4. Kilo 10 ɗin nan da a ƙarƙashin kujerar matuƙi ka sa ta da kusan ko motsi cibiyar ba za ta yi ba. Kuma gaba ɗaya filin da aka yarda cibiyar ƙaramin jirgi ta yi yawo a ciki bai wuce taƙin hannu ɗaya da ɗan wani abu ba, kai ka cinye santimita 4 a ciki ka yi shiru, gobe matuƙi zai ɗauki takardarka ta ƙarya ya ɗora lissafin fasinja da kaya da mai a kai, ya ga komai daidai alhali ba daidai ba.

Abin da ke ƙona min rai kenan, kwafe tsohuwar lamba. Mai jakin da ke ɗebo yashi ya fi wasunku hankali, in mangala ta rinjaya gefe ɗaya tsayawa yake ya gyara, bai taɓa cewa ai kwano ɗaya ne ba. Mai baro a Tudun Wada ya san in ya tura kaya gaba kan taya hannunsa zai huta, in ya jawo su baya kafaɗarsa za ta faɗa masa. Ba su shiga aji ba. Kai da ka zauna shekaru ana koya maka, iyayenka suka sayar da gona, sai ka zo ka ce kilo 10 ce kawai.

In cibiya ta yi baya da yawa hancin jirgi ɗagawa yake son yi, in ya ɗaga har fikafikai suka daina riƙe iska matuƙi zai tura sitiyari gaba iya ƙarfinsa hancin ya ƙi sauka. In ta yi gaba da yawa kuma, wajen tashi hancin ya yi nauyi ya ƙi ɗagawa, wajen sauka ya ƙi tsayuwa sai ya doki ƙasa da tayar gaba. Ga mu a Zariya sama da mita 600 daga matakin teku, a zafin Maris da Afrilu iska ta yi sirara, inji ba ya ba da ƙarfinsa duka, titin tashi ya zama kamar ya gajarce. A irin wannan ranar ce ƙaryar takarda take fitowa.

Wanda yake ganin tatsuniya nake ya nemi labarin jirgin Air Midwest da ya faɗi a Charlotte ta Amurka ranar 8 ga Janairu 2003, ƙirar Beech 1900D, mutum 21 duk suka mutu bai fi minti ɗaya da tashi ba. Kwana biyu kafin nan an yi masa aiki a kebul ɗin elebeta, wato ɗan fiffiken wutsiya mai ɗaga hancin jirgi da saukar da shi, wanda ya yi aikin koyo yake, aka tsallake wasu matakai na littafin gyara, sai ya zama elebetan ba ya sauka yadda ya kamata. Ranar kuma jirgin ya yi nauyi fiye da ƙima, cibiyar ta koma baya, saboda ƙiyasin nauyin fasinja da ake amfani da shi ya tsufa, mutane sun ƙara jiki lambar ba ta canza ba. Tsohuwar lamba ta haɗu da aikin ganin ido. Ga na kusa da mu, Kwatano ta Jamhuriyar Benin, ranar 25 ga Disamba 2003, Boeing 727 mai zuwa Beirut an labta masa kaya ba tare da matuƙa sun san haƙiƙanin nauyin ko inda aka jibge shi ba, ya kasa ɗagawa yadda ya kamata ya doki gini ya faɗa bakin teku, sama da mutum 100 suka rasu. Da muguwar rawa ai gara ƙin tashi, a aikinmu wannan maganar ba ma karin magana ba ce.

Kuma wannan hali bai tsaya a takarda ɗaya ba. Za a yi ma jirgi sabon fenti a ce ai fenti ne, kamar fenti ba shi da nauyi, a fente elebeta ko rada, wato ɗan fiffiken wutsiya mai juya hancin jirgi dama da hagu, a mayar ba a sake duba daidaitonsu ba, alhali shi ke jawo karkarwar da ke iya yage su a sama. Za a cire kujera a sa wata, a canza batir, a ƙara rediyo, kowanne a ce kaɗan ne, an manta da yayyafi kogi kan cika, bayan shekara biyar jirgin da ke hanga, wato rumfar ajiye jirage, daban wanda ke cikin fayil daban. Ga wayar nan kuma, Allah ya sawwaƙe. Yaro yana ƙarƙashin fiffike hannu ɗaya sifana hannu ɗaya TikTok, ko ya tsaya gaban jirgi da rigar aiki yana ɗaukar hoto a san shi ma injiniya ne, ka tambaye shi lita ɗaya ta man jet kilo nawa ce ya tsaya yana kallon sama. Kusan 0.8 ce, na ƙananan jirage masu fistin kuma kusan 0.72, ku riƙe dan Allah. Mu manya ma ba mu fita ba, akwai ogan da ake miƙo masa takarda ya sa hannu yana amsa waya bai karanta layi ɗaya ba, lasin ɗinsa ya zama hatimin haya.

A da wallahi ranar awon jirgi rana ce guda. Sai an rufe ƙofar hanga don kar iska ta taɓa sikeli, a wanke jirgin a bari ya bushe, a zuƙe mai sai wanda ba ya zuƙuwa, a bi jerin kayan jirgin ɗaya bayan ɗaya a tabbatar kowanne yana wurinsa, a daidaita shi ya tsaya cak ba karkata, a cire nauyin katakon tare taya daga abin da sikeli ya nuna. Dattijon da ya koya min, Allah ya jiƙansa, da fensir yake lissafi sau biyu, sannan ya ba ka ka yi naka ba tare da ka ga nasa ba, in lambobinku suka saɓa ba mai tafiya gida. Yana yawan ce mana wanda ya tauye mudu a kasuwa ma an yi masa gargaɗi a Alƙur'ani, balle wanda ya tauye shi a kan rayukan mutane. Garin nan tun 1964 aka kafa Kwalejin Abiyeshan, makarantar da ake horar da matuƙa da injiniyoyin jirgin sama, in ka ce daga Zariya ka fito a ko'ina a ƙasar nan ana sakin jiki da aikinka. Wannan sunan wasu ne suka gina shi da gumi, ban san wa ya ce muku ba ya gogewa ba.

Ni dai ku ji tsoron Allah ku yi abin da aka koya muku, abin da ba ku gane ba ku tambaya, tambaya ba ta rage ma kowa girma. Yaron nan na ce masa gobe da sassafe ya koma ya karɓo takardar ya faɗa ma ogansa gaskiya, ya ce toh Baba in sha Allah, amma idonsa na kan waya. Na kira babansa jiya sau biyu bai ɗauka ba, anjima bayan la'asar zan taka gidan da kaina.