'Yan Haiti a Amurka: ga aiki tuƙuru, ga aljihu bai cika ba

In aka ɗora kuɗin da ke shiga gidan ɗan Haiti a Amurka kan ma'auni ɗaya da na sauran baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar, ɗan Haiti ne a baya. Wannan ba abin musu ba ne. Alƙaluman hukumar ƙidaya ta Amurka, kamar yadda cibiyar nazarin ƙaura ta MPI da ke Washington ta tace su, sun nuna cewa a 2022 gidan ɗan Haiti mai matsakaicin samu yana tara kimanin dala 65,000 a shekara, alhali na baƙi gaba ɗaya yana tara kimanin 75,000. Tazarar dala dubu goma ce, kuma ba yau ta fara ba.

Masu ƙin jinin baƙi a nan suke tsayawa, su rufe littafi. Amma littafin bai ƙare ba. A alƙaluman 2018 na cibiyar, kashi 71 cikin ɗari na 'yan Haiti da suka isa aiki suna aiki ko suna nemansa, baƙi gaba ɗaya kashi 66, haifaffun Amurka kuma kashi 62. Waɗanda ke ƙarƙashin layin talauci a cikinsu kashi 14 ne, wato ba su fi sauran baƙi talauci ba, sun ma ɗan fi su sauƙi da maki ɗaya. Kusan kashi 61 sun riga sun karɓi takardar zama 'yan ƙasa, sauran baƙi kuwa rabi da 'yan kai. To, mutanen da suka fi fita aiki, suka fi rungumar ƙasar, ba su kuma fi kowa faɗawa talauci ba, me ya hana kuɗinsu ya kamo na sauran?

Amsata ita ce tazarar nan ba ƙwazo take aunawa ba. Ƙofar da mutum ya shigo ta cikinta take aunawa, da irin takardar da aka miƙa masa bayan ya shigo.

Mu fara da wanda ake kwatanta su da shi. "Baƙo mai matsakaicin samu" ba mutum ba ne da za ka gamu da shi a titi, lissafi ne kawai. A cikinsa akwai injiniyan kwamfuta daga Indiya da kamfani ya ɗauko da bizar ƙwararru ta H-1B, wadda 'yan Indiya ke kwashe wajen kashi 70 cikin ɗari nata, kuma gidajensu na tara fiye da ninki biyu na abin da gidan ɗan Haiti ke samu. Akwai likita daga Najeriya, akwai ma'aikaciyar jinya daga Filifin da asibiti ya aika mata da takardar aiki tun tana gida. Waɗannan an zaɓo su ne tun kafin su hau jirgi. An duba digirinsu, an duba Turancinsu, sannan aka buɗe musu ƙofa. Mu 'yan Najeriya muna yawan alfahari da cewa 'yan'uwanmu na cikin baƙin da suka fi kowa karatu a Amurka, kuma gaskiya ne, sai dai mukan manta cewa tankaɗe aka yi: nisa da tsadar tafiya da sharuɗɗan biza sun tace su tun daga gida. Haiti kuwa tafiyar awa biyu ce a jirgin sama daga Miami, kuma mafi yawan mutanenta ta hanyar dangi suka samu zama, ko ta hanyar jin ƙai bayan wata masifa. Ƙofar dangi ba ta tambayar digiri. Shi ya sa a 2018 kashi 19 ne kawai na manyan 'yan Haiti a Amurka ke da digirin farko ko sama da haka, baƙi gaba ɗaya kuwa kashi 32.

Wannan giɓin karatu gaskiya ne, kuma masu kare 'yan Haiti ba su kyauta ba idan suka ɓoye shi. Shi ne ya fi komai bayyana inda suke aiki: gidajen kula da tsofaffi, jinya a gidajen mutane, otal-otal na kudancin Florida, ɗakunan girki, tuƙin tasi da bas, ɗakunan ajiye kaya. Ayyuka ne da ba a rasawa, ba kuma sa azurta mutum. Mataimakiyar jinya a Brooklyn ko Brockton za ta yi kwana biyu a jere tana ɗaga tsofaffi tana yi musu wanka, ta fita daga wannan aiki ta shiga wancan, a ƙarshen shekara abin da ta tara bai kai rabin na mai rubuta manhaja ba. Ina ganin nan ne ma sirrin ƙarancin talaucin yake: albashi kaɗan ne, amma hannayen da ke kawo shi gida da yawa. Miji na aiki, mata na aiki, babban ɗa na aiki, ƙanwar uwa da ke zaune da su ita ma tana fita.

Sai batun wurin zama. Kusan rabin 'yan Haiti sama da 700,000 da ke Amurka suna jihar Florida ne, a gundumomin Broward da Miami-Dade da Palm Beach, sai New York da Massachusetts da New Jersey. Kudancin Florida wuri ne na ƙaramin albashi da tsadar haya. Saboda haka dala 65,000 ɗin ma ba ta kai yadda take a takarda ba.

Amma abin da na fi so mai karatu ya tsaya a kansa shi ne takarda, domin a nan ne gwamnatin Amurka ke da hannu dumu-dumu. Akwai gwaji da tarihi ya yi mana kyauta. Kuba da Haiti maƙwabta ne, teku ɗaya mutanensu suka tsallaka, gaɓa ɗaya suka sauka. A 1966 Majalisar Dokokin Amurka ta yi wa 'yan Kuba doka ta musamman da ke ba su izinin zama na dindindin bayan ɗan gajeren zama, wanda daga baya ya koma shekara ɗaya tak, saboda kwaminisanci suka gudo wa. 'Yan Haiti da suka gudo wa mulkin Duvalier, uba da ɗa, daga 1957 zuwa 1986, sai aka ce su yunwa ce ta koro su ba zalunci ba, don Duvalier abokin Washington ne. A 1981 gwamnatin Ronald Reagan ta ƙulla yarjejeniya da Jean-Claude Duvalier aka riƙa tare kwale-kwalensu a teku ana mayar da su. Cikin shekara goma an tare sama da mutum 20,000, waɗanda aka bari su shiga su nemi mafaka ba su kai 30 ba. Da yawa daga waɗanda suka taka ƙasa an tsare su a sansanin Krome kusa da Miami. A 1997 aka sake yin dokar da ta halatta zaman 'yan Kuba da 'yan Nikaraguwa, aka tsallake 'yan Haiti, sai da suka yi ta zanga-zanga kafin a yi musu tasu a 1998, ita ma mai ƙunci.

Ga kuma tabon da ya fi zafi. A farkon shekarun 1980 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta saka 'yan Haiti, a matsayinsu na al'umma, cikin jerin masu haɗarin ɗauke da ƙanjamau. An cire su a 1985, amma ɓarna ta riga ta auku: an kori mutane daga aiki, masu gida sun hana su haya. A 1990 da aka hana su ba da gudummawar jini, dubun dubatarsu suka cika gadar Brooklyn har aka janye matakin. Wanda ya rasa aiki a 1983 saboda asalinsa, bai sayi gidan da zai bar wa 'ya'yansa ba, kuma wannan rashi yana nan cikin alƙaluman yau ko da ba a rubuta shi a wani layi ba.

Zamanin nan kuma sunan takardar TPS, izinin zama na wucin gadi. Barack Obama ne ya ba 'yan Haiti shi bayan girgizar ƙasar 12 ga Janairun 2010. An riƙa sabunta shi ne galibi duk wata 18. Gwamnatin Donald Trump ta farko ta sanar da soke shi a 2017, kotu ta taka mata birki. Joe Biden ya faɗaɗa shi bayan rikicin da ya kai ga kashe Shugaba Jovenel Moïse a Yulin 2021, ya kuma buɗe wani shirin jin ƙai a Janairun 2023 wanda 'yan Haiti sama da 200,000 suka shigo ta cikinsa da izinin shekara biyu. Trump na dawowa a 2025 ya rufe shirin, ya sake yunƙurin soke TPS, wanda a lokacin mutum fiye da 300,000 ke rataye da shi. Yanzu ka sa kanka a matsayin mai irin wannan takarda. Za ka shiga makarantar jinya ta shekara huɗu alhali izininka na ƙarewa baɗi? Wane banki ne zai yi marmarin ba ka bashin gida na shekara talatin? Wane mai kamfani ne zai kashe kuɗi ya horar da kai ya ɗora ka kan babban muƙami? Mutum ya yi shekara goma sha biyar a ƙasa yana biyan haraji, amma kullum jakarsa a ɗaure. Irin wannan zama aikin yau kawai yake bari a yi, ba ya barin a dasa itace.

Kuma dala 65,000 ɗin nan ba gida ɗaya take ciyarwa ba. Kuɗin da 'yan Haiti na waje ke aikawa gida ya haura dala biliyan 3 a shekara, kusan kashi ɗaya cikin biyar na arzikin ƙasar, kuma mafi yawansa daga Amurka yake fitowa. Kuɗin makaranta ne a ƙasar da yawancin makarantu masu zaman kansu ne, kuɗin magani ne, kuɗin jana'iza ne, a shekarun nan har da kuɗin fansa tun da 'yan daba suka mamaye mafi yawan Port-au-Prince. Injiniyan da iyayensa ke da rufin asiri a Bangalore yana iya zuba rarar albashinsa a hannun jari. Mai goge ɗakin otal a Fort Lauderdale rarar tata ta riga ta tafi garin Cap-Haïtien a Haiti tun kafin wata ya mutu. Abin da ya rage sukan zuba shi a adashe, wanda suke kira sol, da shi ake biyan kuɗin kama haya, a sayi motar tasi, a buɗe ɗan shagon abinci a unguwar Little Haiti ko Flatbush. Hukumar ƙidaya tana ganin abin da ya shigo gida. Yawan bakunan da ke jiransa a ƙetaren teku ba ya cikin tambayoyinta.

Kada kuma a ɗauka 'yan Haiti tsintsiya ɗaya ce. Waɗanda suka fita a shekarun 1960 likitoci ne da lauyoyi da malamai, wasu suka tafi koyarwa Kwango da ta samu 'yanci, wasu Montreal, wasu New York. Michaëlle Jean, wadda ta zama Gwamna Janar ta Kanada daga 2005 zuwa 2010, tana yarinya iyayenta suka gudo da ita daga Haiti a 1968. Karine Jean-Pierre, kakakin fadar White House a zamanin Biden, mahaifinta direban tasi ne, mahaifiyarta mai jinya a gidaje. Mutum biyu ba hujja ba ne, amma suna tuna mana wani abu da lissafin ke ɓoyewa: ɗan da aka haifa a Amurka ba a ƙirga shi cikin baƙi. Ranar da 'yar mai jinya ta zama likita, nasararta layin haifaffun ƙasa take tafiya, layin 'yan Haiti kuma sabon zuwa ne ke cike gurbin, wanda ya yi ƙwadago a Brazil ko Chile, ya ratso dajin Darien da ke tsakanin Kolombiya da Panama da ƙafa, ya iso ba Turanci sai Kiriyol, harshen Haiti, da ɗan Sifaniyanci. Ba zan yi mamaki ba idan alƙaluman da suka haɗa da masu zuwa 2023 da 2024 suka nuna tazarar ta ƙaru, kuma masu son su ce "kun gani ko" za su samu abin faɗa.

Garin Springfield na jihar Ohio ya nuna fuskokin biyu a lokaci guda. Gari ne mai mutum wajen 60,000 da masana'antu suka gudu suka bari, sai dubban 'yan Haiti suka sauka cikin 'yan shekaru saboda masana'antun da suka rage da ɗakunan ajiye kaya na neman ma'aikata. Haya ta tashi, asibitoci da makarantu suka cika, aka rasa masu tafinta. Wannan koke ne na gaskiya, kuma talakan garin da hayarsa ta ƙaru ba mugu ba ne don ya yi ƙorafi. Laifin na gwamnatin tarayya ne da ta ba da izinin shiga ba ta aika wa garin da abin ɗaukar nauyi ba. Amma maimakon a yi wannan muhawara, sai Trump ya tsaya a muhawararsa da Kamala Harris ranar 10 ga Satumban 2024 ya ce baƙin suna cinye karnuka da kyanwoyin mutane. Hukumomin garin sun ce babu wata shaida. Gwamnan jihar Mike DeWine, ɗan jam'iyyar Trump, wanda a garin aka haife shi, ya fito ya ce mutanen nan da izini suke zaune, aiki suka zo, kuma masu kamfanoni na yaba su.

Wanda ke son tazarar dala dubu goman nan ta rufe, hanyar ba ɓoyayya ba ce, kuma ba ta da tsada: a mayar da takardar wucin gadi ta dindindin ga wanda ya daɗe yana aiki yana biyan haraji, a sauƙaƙa wa malamin jinya ko akawun da ya yi karatu a Haiti hanyar gwada takardunsa, a yawaita ajin Turanci na dare. Kore su kuwa ba zai ɗaga albashin kowa ba. Masu gidajen kula da tsofaffi a Florida da Massachusetts sun daɗe suna kukan rashin ma'aikata tun kafin a fara maganar soke TPS, kuma su ne a 2025 suka riƙa roƙon gwamnati ta sake tunani, don sun san adadin gadajen da za su rufe idan waɗannan mata suka daina zuwa aikin dare.